Daga Birnin Lalle zuwa Tsibiri: wa ya cinye gefen hanya?

Duk lokacin da aka yi haɗarin mota a ƙasar nan, bakin mutane ɗaya ne: direba ya yi gudu, mota ta tsufa, hanya ta yi ramu. Duka gaskiya ne. Amma akwai wani ɗan fili da ba a cika tunawa da shi ba, alhali rayuka da yawa sun rataya a kansa, wato gefen hanya, wannan ɗan tsiri da ke tsakanin bakin kwalta da daji. A wannan mako za mu duba al'amarinsa a kan hanyar da mutanen Birnin Lalle da na Dakoro ke bi zuwa Maraɗi.

Hanya ɗaya, masu ita da yawa

Birnin Lalle yana kudu kaɗan da garin Dakoro, cikin jahar Maraɗi. Masana tarihi sun san shi sarai, domin nan ne sarakunan Gobir suka zauna bayan sun baro Azbin, kafin su gangara kudu, har daga baya a kafa Alƙalawa. Ke nan tun kaka da kakanni wurin yana kan hanyar matafiya. A zamanin fatake, ayari ba ya tafiya kara-zube: akwai jagaba a gaba, akwai madugu mai yanke shawara, kowane bafatake ya san inda dabbobinsa za su bi, kuma wanda jakinsa ya gaza ya san yadda zai ratse don kada ya tare na baya.

A yau hanyar ƙasa mai lamba 30 ce ta gaji wannan aiki. Ta rabu da babbar hanya mai lamba 1 a wajen Tsibiri, ta yi arewa ta ƙasar Kornaka har Dakoro, tafiyar sama da kilomita 100. A cikin shekarun 2000 aka tsara gyaranta da kuɗin Bankin Raya Afirka, tare da hanyar Madawa zuwa Buza da Tawa. Ta nan ake fitar da gero da wake da bisashe, ta nan siminti da shinkafa da man fetur ke shigowa. Ta nan malamin lakwal ke zuwa wurin aikinsa, ta nan kuma ake garzayawa da mara lafiyar da ciwonsa ya fi ƙarfin likitar Dakoro zuwa babban asibitin Maraɗi.

Wannan kwalta ɗaya ita ce ta gingimari da tirela, da motocin fasinja, da ƴan kabu-kabu, da amalanken shanu da na jakai, da garken makiyayi, da mata masu komowa daga rijiya, da yara ƴan makaranta. Mai tafiyar kilomita 90 cikin awa da mai tafiyar kilomita 5 suna raba fili ɗaya. Abin da kaɗai ke iya shiga tsakaninsu shi ne gefen hanya.

Me gefen hanya ke yi?

Masu aikin hanya ba don ado suke barin wannan fili ba. Aiki uku yake yi.

Na fari, shi ne mafakar motar da ta samu matsala. Taya ya fashe, inji ya yi zafi, fasinja ya matsu: direba ya ratse, ya bar wa sauran hanya.

Na biyu, shi ne hanyar marasa ƙarfi. Mai tafiya ƙasa, mai keke, mai amalanke, duk can ya kamata su bi, nesa da ƙafar manyan motoci.

Na uku kuwa, wanda mutane ba su cika sani ba, shi ne yake tallafe kwaltar kanta. Kwalta shimfiɗa ce a kan jar ƙasa da tsakuwa da aka daddanne. In gefen yana nan daram, ya riƙe wannan shimfiɗa kamar yadda dabe ke riƙe gindin katanga. In ya zaizaye, ruwa ya samu ƙofar shiga ƙarƙashi, bakin kwalta ya fara ɓantarewa kaɗan-kaɗan.

Ga lissafi mai sauƙi. Galibin hanyoyinmu na ƙasa faɗin kwaltarsu mita 6 ne ko 7. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade faɗin babbar mota a kan mita 2,55. In manyan motoci biyu suka haɗu a kan kwalta mai mita 6, abin da ya rage musu duka santimita 90 ne. To, in ruwa ya ci rabin mita dama, ya ci rabin mita hagu, saura mita 5: ba za su wuce juna ba sai ɗaya ta sauka. Wadda za ta sauka kuwa ba ta samu inda za ta sa ƙafa ba.

Masu cin gefe

Mai ci na farko shi ne damina. Ƙasar wannan yanki jigawa ce, yashi ne mai saurin tafiya. Ruwan watan Agusta in ya gangaro daga kan kwalta sai ya yanki gefe, ya bar gaɓa mai zurfin taƙi ko fiye. In rani ya shigo, iskar hunturu ta kwaso rairayi ta zuba a wani wurin, har ya hau kan kwalta. Mai babur da ya shiga wannan rairayi da gudu ya san abin da ke biyo baya.

Mai ci na biyu shi ne lodi fiye da ƙima. Dokar UEMOA da muka ambata ta ce kada nauyin da ke kan gatari ɗaya mai tayu bibbiyu ya wuce tan 12. Dalili kuwa, tun gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 aka gane cewa ɓarnar da gatari ke yi wa hanya ba daidai take tafiya da nauyinsa ba: in an ninka nauyi sau biyu, ɓarna tana ninkuwa wajen sau 16. Kuma babbar mota a bakin kwalta take taka ƙafarta ta dama, daidai inda hanya ta fi rauni. Ɗan kasuwar da ya ƙara buhu 100 a kan mota don ya rage kuɗin dako, ya ci riba yau, amma hanyar da kayansa za su bi baɗi ce ya karya.

Mai ci na uku kuwa mu ne da kanmu. A shiga kowane gari da hanya ta ratsa, a ƙirga: mai shayi ya kafa tebur, mai tsire ya kafa tukuba, ƴan ruwa-ruwa sun jera kwalabe, mai faci ya baza tayu, mai gini ya sa an juye masa yashi da bulo. Ranar kasuwa kuwa ba a magana, domin motoci a kan kwalta suke lodi, ƴan kamasho na kiran fasinja, awaki na ratsawa. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Abinci ake nema, kuma ciniki yana inda mutane ke wucewa. Sai dai kowane tebur da ya hau gefe, ya tura yaro ɗaya ko tsohuwa ɗaya zuwa kan kwalta.

Kowa ya koma tsakiya

Ga inda maganar take. Idan gefe ya tafi, mai tafiya ƙasa ya hau bakin kwalta. Mai amalanke ya matsa ciki don ya kauce masa. Mai babur ya matsa don ya kauce wa amalanke. Direban mota kuwa, da yake yana tsoron gaɓa da ramukan baki, sai ya ɗora motarsa a kan tsakiya, ƙafa biyu a hannunsa, ƙafa biyu a hannun wani. Wanda ke tahowa daga can shi ma haka ya yi. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya kauce, kuma bisa al'ada ƙarami ke kauce wa babba.

Direbobi sukan ce tsakiya ta fi laushi, kuma in hanya babu kowa, ina laifi? Laifin shi ne sabo. Wanda ya saba da tsakiya a miƙaƙƙiyar hanya, a tsakiya kwana za ta same shi, a tsakiya zai hau tudu. Motoci biyu masu gudun kilomita 90 in sun fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 50 a kowace daƙiƙa. Wanda ya hango ɗan'uwansa a mita 150, daƙiƙa 3 gare shi ya yanke shawara, ya juya sitiyari, motar kuma ta amsa.

Haka batun wuce mota. A ce kana gudun 90, gingimarin da ke gabanka yana gudun 70. Kafin ka fito daga bayansa, ka wuce tsawonsa, ka koma hannunka da tazara mai kyau, sai ka ci masa wajen mita 60. Wannan zai ɗauke ka daƙiƙa 11, ka kuwa shafe mita 275 a hannun da ba naka ba. Mai tahowa da irin gudunka shi ma zai shafe 275. Ke nan sai kana ganin fili fayau na sama da rabin kilomita kafin ka fito. Direbobi nawa ne ke yin wannan lissafi a bayan motar da ta tayar da ƙura?

Akwai kuma haɗarin da gaɓa ke jawowa kai tsaye. Ƙafar dama ta faɗa ƙasa, direba ya firgita, ya fizgi sitiyari hagu da ƙarfi. Taya ya ciji bakin kwalta, ya hau gaba ɗaya, mota ta yi tsalle ta tsallaka hannun masu tahowa, ko ta kife. Abin da masu koyar da tuƙi ke cewa a nan shi ne: a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sak, kada a danne burki da ƙarfi, a bari gudu ya ragu sosai, sannan a hau a hankali.

Ƙa'idar bin hannun dama ba baƙuwa ba ce ga kowa. Mun gaje ta tun zamanin Faransawa, kuma Najeriya ma ta bar hannun hagu ta komo dama a ranar 2 ga watan Afrilu na 1972, Gana ta biyo baya a 1974. Daga Dakoro har Kano, har Akara, hannu ɗaya ne. Saninta kowa ya yi. Wurin aiki da ita ne ya ƙuntata.

Ganye a maimakon alama

Mu koma kan motar da ta lalace. Tun da faɗin gingimari ya zarce na gefen, ko da gefen yana da lafiya rabin motar na kan kwalta. In babu gefe, duka tana kai. Sai yaran mota su karyo rassan itace su jera a baya, su sa duwatsu a ƙarƙashin tayu, su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota su kwanta, ana jiran kayan gyara daga Maraɗi, wani lokaci kwana biyu ko uku.

Da rana ganyen yana aiki. Da dare fa? Mai gudun kilomita 90 yana shafe mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, ƙafa ta kai ga burki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Kafin mota ta tsaya cik a kan busasshiyar kwalta, da burki mai kyau da tayu masu kyau, an ci mita 70 zuwa 80. Ƙaramar fitila kuwa, wadda ake komawa gare ta in an haɗu da wata mota, abin da take haskawa bai cika wuce mita 30 zuwa 50 ba. Ma'ana, lokacin da direba zai ga bayan gingimarin da ba shi da fitila, ko amalanken da ba shi da ko ƙyalle mai ƙyalli, aikin gama ya gama.

Abin takaici, in an gyara mota aka tashi, sau da yawa rassan da duwatsun nan ake bari. Dutsen da ya tallafi tirela jiya, shi ke kayar da mai babur yau.

Abin da ya faru a wasu wurare

A Nijar ba mu da irin manyan titunan nan masu hannu biyu-biyu da shinge, waɗanda babu amalanke babu mai tafiya ƙasa, kamar wanda Senegal ta buɗe tsakanin Dakar da Jamniyajo a 2013, ko wanda ya haɗa Abijan da Yamusukuro. Amma ko a ƙasashen da suka fi kowa irin waɗannan tituna, gefen hanya ya tayar da ƙura.

A Ingila, don rage cunkoso ba tare da faɗaɗa titi ba, hukuma ta fara barin motoci su bi gefen a wasu sa'o'i kusa da birnin Bamingam a 2006. Daga 2014 aka soma mayar da gefen hannu na dindindin a wasu tituna, aka dogara ga kyamarori da allunan lantarki su sanar da direbobi in wata mota ta mutu a gaba. Mutane suka rasa rayukansu cikin motocin da suka tsaya babu wurin ratsewa, iyalansu suka yi ta ƙorafi, har a watan Afrilu na 2023 gwamnatin Rishi Sunak ta soke gina sabbin irin waɗannan tituna. In ƙasar da ke da kyamara a kowane lungu ta ja da baya, ina ga mu da ganye ne alamarmu?

A Faransa, tun 2008 dole ne kowace mota ta riƙe alamar nan mai kusurwa uku da riga mai ƙyalli. A 2018 aka ƙara doka: duk wanda ya hango mota tsaye a gefe da fitilun gargaɗi, wajibi ne ya rage gudu, ya nisance ta gwargwadon iko.

Kusa da mu, a ranar 8 ga watan Janairu na 2023, a Sikilo kusa da Kafrin cikin Senegal, tayan wata motar safa ya fashe cikin dare, ta bar hannunta ta yi karo da wata safar. Sama da mutum 40 suka rasu, aka yi zaman makoki na kwana 3, gwamnati ta ba da sanarwar hana motocin fasinja tafiyar tsakar dare da hana shigo da tsofaffin tayu.

Cunkoson jama'a a bakin hanya shi ma yana da nasa sakamako. Ba mu manta da daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu na 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 55. A watan Oktoba na 2024 irin haka ta faru a Majiya cikin jahar Jigawa ta Najeriya, inda fiye da mutum 150 suka halaka. Allah ya jiƙansu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum miliyan 1,19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a, da mutum 19 cikin kowane 100.000. Fiye da rabin mamatan masu tafiya ƙasa ne da masu kekuna da babura, wato mutanen gefe.

Kowa da nasa kaso

Doka dai akwai ta. Muna da dokar hanya ta shekarar 2014, muna da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, muna da asusun gyaran hanyoyi na FER wanda kuɗin da ake biya a shingayen hanya ke shiga cikinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Abin da ya rage shi ne aikin yau da gobe, kuma mafi yawansa ba mai tsada ba ne.

Ga hukumomin hanya: cike gefe da jar ƙasa a danne ta bayan kowace damina ya fi sake shimfiɗa kwalta araha nesa ba kusa ba. Haka share rairayi, da sabunta farin layin tsakiya da na baki, domin direba ba zai riƙe hannun da ba ya gani ba. A kuma tanadi wuraren ratsewa masu faɗi jefi-jefi, inda gingimari zai shiga gaba ɗayansa.

Ga masu riƙe da ƙananan hukumomi da sarakunan gargajiya, a Birnin Lalle da Dakoro da Kornaka da Tsibiri: korar masu tebur da sanda ba ta ɗorewa, gobe za su komo. A zauna da su, a ja layi, a ba su wuri ƴan taku kaɗan baya, a fitar da tashar ranar kasuwa daga kan kwalta. Masu amalanke kuma a taimaka musu da ƙyalle ko faranti mai ƙyalli. Kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba.

Ga jandarmomi da sandikar masu motoci: kafin mota ta bar tasha, a duba fitilun baya, da tayu, da alama mai kusurwa uku, kamar yadda ake duba farmi da takardar inshora. Wanda ya gyara mota ya tashi ya bar duwatsu a hanya, a ci shi tara.

Ga alhazanmu masu motoci da masu kaya: direban da aka ce masa lalle ya kwana Maraɗi ya wayi gari Dakoro, barci zai ɗauke shi, kuma mai gyangyaɗi ba ya riƙe hannu. Lodin da ya wuce ƙima, da tayan da ya suɗe, ku ke da ikon hana su, tun da ku ke biya. Ribar tafiya ɗaya ba ta sayen mota, balle rai.

Ga ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi masu tafiya aiki cikin manyan motoci masu ƙarfi: talaka yana kallonku. In motar hukuma ta bi tsakiya tana watsa fitila kowa ya kauce, an koya wa ɗan kabu-kabu cewa hanya ta mai ƙarfi ce. Wanda ke zaune a baya yana da bakin da zai ce wa direbansa ya sassauta.

Mu fasinjoji kuma mu daina zuga direba, mu daina yi wa mai haƙuri dariya. Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Mita ɗaya da rabi na jar ƙasa a kowane gefe, da direban da ya tsaya a hannunsa, su ne bambanci tsakanin wanda ya isa gida da wanda aka kai labarinsa. Damina na tafe kowace shekara, ba ta kuwa jiran a gama taro kafin ta ci rabonta.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa.